Katin Guguwa

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana waya ta yi ƙara a caji ofis. Sufeto yana tsakiyar cin abinci, ya ajiye cokali ya ɗauka.

"Yallaɓai, daga filin ƙwallo ne. An fasa ofishin sakatare, an kwashe katunan rajistar 'yan wasanmu kaf!"

"Katuna kawai?"

"Kawai ka ce, yallaɓai? In babu su ai ba mu da ikon taka fili. Ƙarfe uku za a duba su, ƙarfe huɗu a take wasa."

Sufeto ya rufe kwanonsa, ya ƙwala wa Saje kira.

Shi Sufeto bai damu da ƙwallo ba, amma ko kurma ya san abin da ake ciki a garin ran nan. Shekara goma sha tara ƙungiyar garin tana fama a rukuni na biyu. Yau in ta ci baƙinta ta ɗaga kofi, ta haye rukuni na ɗaya. In aka yi canjaras kuwa, baƙin ne za su haye.

Tafiyar minti biyar sai da ta ci musu minti ashirin. Filin da aka gina don mutum dubu ashirin ya cika tun ƙarfe sha ɗaya. Mutane a kan katanga, a kan bishiyoyi, har a kan tankin ruwa.

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin taro haka ba," in ji Saje. "In waɗannan suka ji ba za a buga ba, yallaɓai, ko ƙusa ba za su bari a filin nan ba."

"To kama bakinka kada su ji."

Ofishin sakatare ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin rumfar manyan baƙi. Tebur ɗaya, kujera biyu, da taga mai kallon lungun baya. Ciyaman ɗin ƙungiyar yana ta kai-komo a ciki, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Sakatare kuwa ya rakuɓe a jikin bango kamar kazar da ruwa ya doka.

"Aikin baƙin nan ne!" in ji Ciyaman. "Sun san ba za su iya da mu ba. Je ka ka kama su, Sufeto."

"Duka sha takwas ɗin, ko in zaɓo maka?"

Ciyaman ya yi tsaki.

Sufeto ya duba durowar da aka ce katunan na ciki. Kwaɗonta lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya matsa jikin taga, ya dubi ƙasan ɗakin, sannan ya leƙa waje. Fasassun gilasai duk suna can cikin lungu.

"Sakatare, makulli nawa durowar nan take da su?"

"Ɗaya tak, yallaɓai. Ga shi. Ba ya rabuwa da ni."

"Ko sau ɗaya yau?"

"Ko sau ɗaya."

"Madalla. Wanda ya fasa tagar nan a cikin ɗaki yake tsaye, shi ya sa gilashin ya zube waje. Durowa kuma da makulli aka buɗe ta. Tun da makulli bai rabu da kai ba, ka sauƙaƙa mini aiki. Saje, kawo ankwa."

Sakatare ya ɗaga hannu biyu sama. "Tsaya, yallaɓai! Don girman Allah tsaya. Na fita, amma minti goma ne kawai."

"Zuwa ina?"

Ya saci kallon Ciyaman. "Surukaina ne suka zo, su tara, babu tikiti. Na je na shigo da su ta ƙofar baya. Makullin na bar shi a aljihun kwat, kwat ɗin a rataye a ƙusar nan."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da rabi."

"Wa ya san a nan kake barin shi?"

"Duk wanda ke aiki a nan ya sani."

"Ka ji, Ciyaman," in ji Sufeto. "Ɓarawonka ɗan gida ne."

Aka rufe ƙofofin lungu, Saje da 'yan sanda biyu suka shiga bincike ɗaki-ɗaki. Ƙarfe uku saura kwata Saje ya fito daga ɗakin ajiyar kaya a guje, riƙe da ƙunshi.

"Cikin buhun ƙwallaye na same su, yallaɓai. A sama-sama, wanda za a fita da shi fili yanzun nan."

Ciyaman ya miƙo hannu, Sufeto ya riga shi karɓa. Ya juya ƙunshin a tafinsa. An naɗe katunan da farar filasta irin ta ɗaure rauni, bakinta a yanke sumul.

"Da me ka ɗaure su, Sakatare?"

"Da roba, yallaɓai."

Sufeto ya ɓare filastar ya manna ta cikin littafinsa, ya miƙa katunan. Sakatare ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi, sai fuskarsa ta sauya.

"Babu na Guguwa."

Ciyaman ya zube a kan kujera. Guguwa shi ne mai lamba tara, kyaftin, wanda ya ci rabin ƙwallayen ƙungiyar a kakar wasan bana. Rabin mutanen da ke kan katanga dominsa suka hau.

Suka ɗunguma wajen kwamishinan wasa, wani dattijo mai tabarau wanda ba ya son yawan magana. Ya saurare su har suka gama.

"Za a take wasa ƙarfe huɗu," in ji shi. "Ku sa sunansa cikin 'yan benci. In katinsa ya zo hannuna kafin a dawo daga hutun rabin lokaci, ya shiga. In bai zo ba, sai dai ya yi kallo."

Da suka fito Saje ya rage murya. "Ɓarawon nan mai tausayi ne, yallaɓai. Ya ajiye su inda dole a gani."

"Ba ƙungiya yake son kayarwa ba. Mutum ɗaya yake son hanawa. Wa zai buga in Guguwa bai buga ba?"

Koci ne ya ba da amsa a bakin ɗakin sa kaya. "Kibiya. Ɗan shekara ashirin da uku ne, kaka biyu yana ɗumama benci."

Aka kawo Kibiya, dogo siriri, leɓɓansa a bushe.

"Ina kake ƙarfe sha biyu da rabi?"

"Ɗakin sa kaya, tare da kowa."

"Koci ya ce ya neme ka lokacin bai gan ka ba."

"Na... na ɗan fita shan iska ne."

"Iskar ofishin sakatare? Kaka biyu kana jiran rana irin ta yau. Kati ɗaya ya ɓace, ga ka cikin sha ɗayan farko. Wa ya kai ka sa'a?"

Kibiya ya yi wata dariya marar daɗi. Ya nuna kansa da yatsa.

"Dubi nan, yallaɓai. Wannan ya yi kama da mai sa'a? Ina bayi, amai nake yi. Tun safe sau uku ke nan. Ni da ake cewa wataƙila in shiga minti goman ƙarshe, cikina ya ɗuri ruwa, balle yanzu. In na zubar da ƙwallo a gaban mutanen nan, ina zan sa kaina? Wallahi da na san inda katin yake, da rarrafe zan je in ɗauko."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"In abokan wasana suka ji, na shiga uku da tsiya."

Sufeto ya dubi ƙafarsa. Filasta ce naɗe a idon sawunsa, bakinta a yayyage.

"Wa ya ɗaure maka wannan?"

"Ni da kaina. Haka kowa ke yi, ka ja ka yage da haƙori."

"Ba ku da almakashi?"

"Sai dai a ɗakin likita."

"Je ka ka buga ƙwallonka."

Ƙarfe huɗu daidai alƙalin wasa ya busa. Ƙarar da ta tashi har ƙura ta kakkaɓo daga silin lungun. Amma da aka lura babu lamba tara a fili, sai ƙarar ta koma guna-guni.

Ɗakin likita yana ƙarshen lungu, yana warin man tausa. Gado ɗaya, kabad na magunguna, da akwatin fayil. Likita yana tattara jakarsa zai fita. Nas ɗin ƙungiyar, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, tana jera bandeji cikin akwati. A ƙofa Guguwa ne zaune a kan benci cikin rigarsa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Su wa ke amfani da almakashin ɗakin nan?" in ji Sufeto.

"Ni da Nas," in ji Likita. "Amma ƙofar a buɗe take wuni, kowa na shiga."

"Ina kake sha biyu da rabi?"

"Tare da Ciyaman, muna tarbar manyan baƙi. Mutum ashirin sun gan ni."

"Ke fa?"

"Ina bakin fili ina shirya gadon ɗaukar marasa lafiya," in ji Nas, ba ta ɗago ba.

"Haba, Sufeto," in ji Likita. "Wannan ai yayar Guguwa ce, ciki ɗaya. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifinsu. Takalminsa na farko ita ta saya masa."

Sufeto ya gyaɗa kai. "Lafiyar Guguwa fa?"

"Garau. Kamar doki."

"In ga fayil ɗinsa."

Likita ya zaro ya miƙa. Sufeto ya buɗe yana bin shafukan da yatsa. A na ƙarshe ya tsaya. Ƙarƙashin wayar da ta haɗa takardun akwai ɗan guntun kusurwar takarda, sauran babu.

"An cire shafi a nan."

"Kuskuren rubutu ne aka yi, na yage na yar."

"Kuskuren me?"

"Ba zan tuna ba. Sufeto, ana jirana a fili."

Ya fice da sauri, har ya manta jakarsa, Nas ta ɗauka ta bi bayansa. Da ta zo wucewa ta dafa kan ƙanenta. Bai ɗago ba.

Sufeto ya zauna kusa da shi. "Wa kake zargi?"

"Ba na zargin kowa. Ni dai a nemo mini katina." Ya ɗago jajayen idanu. "Shekara tara ina jiran yau, yallaɓai."

"Ka je asibiti kwanan nan?"

"Me ya haɗa asibiti da sata?"

"Tambaya ce."

"Ban je ba."

Nan take filin ya yi tsit, sai wata 'yar sowa daga kusurwa ɗaya. Saje ya leƙo. "Baƙi sun jefa ɗaya, yallaɓai."

Sufeto ya fita bakin fili. Motar asibiti tana tsaye daf da bakin lungun, ƙofofinta na baya a wangale. Direbanta ya jingina da ita yana cizon yatsa. Daga kowane ɓangare jama'a na kiran suna ɗaya: "Guguwa! Guguwa!"

"Kullum nan kake tsayawa?" Sufeto ya tambayi direban da ƙarfi don ya ji.

"A'a, can bayan ƙofa nake fakawa. Yau ne Nas ta matsa sai na kawo ta nan. Tun jiya take damuna, wai in tabbatar tukunyar iskar numfashi a cike take. Sau uku tana dubawa. Shekara shida muna aiki, ba ta taɓa tambaya ba."

"Sha biyu da rabi tana nan?"

"Gadon nan ni kaɗai na sauke shi. Sai wajen ƙarfe ɗaya ta zo."

Sufeto ya tsaya ya dubi Nas daga nesa. Tana zaune a ƙarshen benci. Kowa idonsa na kan ƙwallo, ita nata na kan agogon filin.

Sufeto ya je ya yi wa kwamishinan wasa raɗa. Dattijon ya cire tabarau ya dube shi, sannan ya ce, "Bakinka ne, ba nawa ba. Ni ban ce komai ba."

Aka tafi hutun rabin lokaci ana ɗaya da nema. Ɗakin sa kaya ya cika, Koci na faɗa, Ciyaman na faɗa a kan faɗan Koci. Kibiya ya rufe kansa da tawul. Likita da Nas suna duba ƙafar wani mai tsaron baya.

Sufeto ya buga ƙofa da tafin hannu. "Albishirinku. Sakatare ya samo kwafin katin a tsohon fayil, an ce zai wadatar. Guguwa, ɗaura takalminka."

Ɗakin ya kaure da ihu. Guguwa ya zabura ya miƙe, abokansa suka rungume shi. Ciyaman har da rawa.

Akwatin bandeji ya faɗi ƙasa, kayan ciki suka watse. Kafin kowa ya ankara Nas ta isa bakin ƙofa, ta buɗe hannuwa ta tare.

"Ba inda za shi."

"Yaya, matsa," in ji Guguwa.

"Sai dai ka bi ta kaina, Auta."

"Ke, kin haukace ne?" Ciyaman ya daka mata tsawa. "Ku janye ta!"

"Kada wanda ya taɓa ta," in ji Sufeto. Ya matso a hankali. "Babu wani kwafi, Nas. Ina katin?"

Ta dube shi, ta dubi ƙanenta. Sai ta sunkuya ta cire takalminta na hagu, ta zaro kati da wata takarda da aka ninke huɗu.

"Ni na ɗauka," in ji ta. "Na ga fitar Sakatare na shiga. Na ji tafiya a lungu, na kwashi duka don sauri, robar ta tsinke a hannuna. Tagar kuma na fasa ne don a ce ɓarawon waje ne, kada a kama wani a banza. Sauran na naɗe su da filasta, na sa su a buhun ƙwallo. Ban yi nufin cutar kowa ba."

Sufeto ya warware takardar. Kusurwarta ɗaya a yage. Ga hatimin asibiti, ga sa hannun likitan zuciya, ga layi biyu da aka ja wa jan biro.

"Mako uku da suka wuce ya faɗi a wajen atisaye," in ji Nas. "Aka ce rana ce ta buge shi. Ni na kai shi aka yi hoton zuciya. Likitan zuciyar ya ce in ya sake gudu irin na wasa, zuciyar na iya tsayawa. Na kawo wa Likita takardar, ya kai wa Ciyaman. Suka ce a bari sai bayan yau. Na tsince ta a kwandon shara."

"Ƙarya take yi!" in ji Ciyaman.

Likita dai ya zura wa ƙasa ido.

"Na roƙe su," ta ci gaba. "Na durƙusa wa Ciyaman a ofishinsa. Ya ce in na buɗe baki zai ce ni na ƙirƙiro takardar, ya kore ni. Wa zai saurari nas a ranar irin ta yau?"

Sufeto ya juya ga Guguwa. "Ka ce mini ba ka je asibiti ba."

"Na je. Na kuma san abin da aka ce." Ya juya ga yayarsa. "Yaya, minti arba'in da biyar ne fa kawai. Daga yau na ajiye, na rantse miki."

"Baba ma cewa ya yi buhu ɗaya ya rage ya sauke. Shekararsa talatin da huɗu. Kai kana goye, ba ka gani ba. Ni na gani." Ta share fuska da bayan hannu. "Ka tsane ni in ka ga dama, Auta. Ka tsane ni har ka yi furfura."

Kiran jama'a na ta ratso bango. Koci ya tako, ya zare igiyar kyaftin daga damtsen Guguwa, ya ɗaura wa mai tsaron gida. Sannan ya fizge tawul ɗin da ke kan Kibiya.

"Tashi. Kai ne lamba tara yau, ko ka so ko ka ƙi."

'Yan wasa suka fita ɗaya bayan ɗaya, Nas ta matsa musu. Guguwa ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

Sufeto ya aika wa kwamishinan wasa takardar. Ya sa ɗan sanda ɗaya ya tsaya a kan Ciyaman da Likita.

"Ku biyu za ku biyo mu ofis. Ɓoye wannan takardar ya fi fasa taga nauyi."

"Ka san ko ni wane ne?" in ji Ciyaman.

"Za ka rubuta mini a takardar bayani, har da lambar waya."

Ɗaukar bayanin Nas a ofishin sakatare ya ci kusan rabin sa'a. Suna tsaka da shi gini ya girgiza da sowa: an rama, da ka, daga bugun kusurwa. Ta sa hannu a ƙasan kowane shafi ba tare da ta karanta ba. Saje ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

"Doka doka ce, Nas. Kin shiga ofis, kin ɗauki abin da ba naki ba. Dole ki bi mu."

"Na sani, yallaɓai."

Hanyarsu ta zuwa motar 'yan sanda ta bi ta bakin lungu. Agogon fili ya nuna minti tamanin da takwas, ɗaya da ɗaya. Saje ya ja ya tsaya kamar an kafe shi, Sufeto bai hana shi ba.

Mai tsaron gida ya doko doguwar ƙwallo. Ta wuce kan 'yan bayan baƙi biyu, Kibiya ya bi ta, ya tare da ƙirji, ya yi tuntuɓe kamar zai faɗi, ya dai miƙe. Golan baƙi ya fito. Kibiya ya ɗaga masa ita ta saman kai. Ƙwallon ta yi ta tafiya a hankali, mutum dubu talatin sun riƙe numfashi, ta bugi ƙarfe ta gangara raga.

Saje ya jefa hularsa sama, bai ma ga inda ta sauka ba.

Nas ba ta yi sowa ba. Ta juya ta nufi mota da kanta, ta buɗe ƙofar baya ta zauna. Sufeto ya shiga gaba. Direba ya tayar da inji ke nan aka bubbuga gilashi.

Guguwa ne, da rigarsa mai lamba tara, ƙafa ba takalmi.

"Akwai wuri, yallaɓai?"

"Kai ba ka yi laifi ba. Ga abokanka can za su ɗaga kofi."

"Su ɗaga. Wa zai tsaya mata a ofis in ba ni ba?"

Sufeto ya miƙa hannu baya ya buɗe masa. Ya shiga ya zauna kusa da yayarsa, bai dube ta ba, ita ma ba ta dube shi ba. Motar ta fara kutsawa cikin jama'ar da ke tsalle a titi.

Sai da suka kai kwanar farko sannan ta kamo wuyan hannunsa, ta ɗora yatsu biyu a kan jijiya, tana duban agogonta. Ya bar mata hannun.